Maɗigar Yaro da Cibiyar Lasifika

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu tamu jihar, a ita na yi haihuwar fari. A Kalgo na haihu, gaban Inna, na sha wankan ganye da kunun kanwa har gumina ya koma warin kanwa, sannan aka mai da ni ɗakina a Gwandu da yaro a baya. Ina shiga gida na tarar da wani abu tsaye a rumfar da nake girki. Akwati ne na falanki, ya fi ni tsawo, bakinsa a wage kamar an kwantar da rijiya. Murhuna kuwa an matsar da shi can gefen akurkin kaji.

Maigidana mai gyaran rediyo ne. Yana da ɗan shago bakin kasuwa, yana kuma ba da hayar lasifikar ƙarfe, irin mai kama da mazurari da ake ɗaurewa a kan icce ranar suna ko walima. Ashe ina can wajen wanka ya je cin kasuwar Jega, ya tsaya gaban shagon wani mai sayar da kaset, aka saki kiɗa. Ya ce shi ba a kunne ya ji kiɗan nan ba, a ciki ya ji shi, har furar da ya sha ta motsa. Masu kaset suna kiran abin bes. Tun daga ranar ya raina lasifikarsa ta ƙarfe, ya ce muryarta ta sauro ce a cikin gwangwani, ya ɗauko kafinta suka haɗa wannan ƙato.

Ban tambaye shi ba, amma ya yi mini bayani tun kafin in kwance goyo. Wai lasifika ita kaɗai ba ta iya tura iska, kamar mai fifita ne da tsinke. Sai an yi mata maƙogwaro, ya fara siriri ya yi ta faɗi, a lanƙwasa shi cikin akwati kamar hanjin rago, don in aka miƙe shi sai ya kai masallacin unguwa. Kuma kowane akwati da muryarsa, baƙar takardar nan da ke fuskar lasifika ma da tata. Sai ya ƙwanƙwasa takardar da yatsa ya saurara, sannan ya zura kai cikin bakin akwati ya yi ta gurnani har ya ji inda katako ya amsa. Muryoyin biyu yake so su zo ɗaya. Ta takardar ta yi sama da yawa, dole a sauko da ita, kuma ba ta sauka sai an ƙara mata nauyi a cibiya, an kuma gyara girman ɗan ɗakin da ke bayanta. Ɗan ɗakin nan, da na leƙa, tukunyar dambuna ce aka kife.

Da la'asar ya jona batirin mota ya sa kaset ɗin ganga. Ina zaune bakin ƙofa ina ba yaro nono. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tabarma. Na duba kan yaron, wurin nan mai taushi a tsakiyar kai inda ƙashi bai gama haɗewa ba, wato maɗiga, sai na ga tana dal, dal, dal, tana tashi tana komawa. Na ɗaga kai na ga baƙar takardar tana yin haka ita ma, tana fitowa tana komawa. A Kalgo mun taso ana gaya mana cewa tsawa kan faɗar da maɗigar jariri, kuma wadda ta faɗa sai an yi da gaske. To ga tsawa an kawo mini ita har rumfa, da waya da makunni.

Wani zai ce me ya hana in buɗe baki in faɗa. A wajenmu ɗan fari ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa ana kallo, in ya yi kuka a taro sai ki kau da kai har wata ta ɗauke shi. Inna mutanen Dangoma ce, jinin masu shanu, kunyarsu ta fi ta kowa. Yayana na fari har ya yi gemu ba ta taɓa kiransa da komai ba sai "wancan". Ranar da za a mai da ni ta ja kunnena ta ce kada in je garin mutane in zubar mata da mutunci a kan ɗan tsako. Mijina ma, tun da aka ɗaura mana aure, abin da yake yabona da shi ke nan, wai an ba shi mace mai kunya. To da wane baki zan dube shi in ce ina jin tsoro saboda kan ɗana?

Sai na shiga kai kukan wasu. Na ce masa kaji sun daina ƙwai. Ya yi murna, ya ce alama ce sautin ya fara sauka ƙasa, ai kaza da ƙafa take ji. Na ce bangon maƙwabta ya tsage. Ya je ya duba ya dawo ya ce tsohuwar tsaga ce, har da yanar gizo a ciki, na ga kamar ma bai ji daɗin hakan ba. Na ce kwanonin jerena suna kuka a ɗaki, fentinsu zai zube. Nan ne na jawo wa kaina aiki. Ya tsaya cak ya tambaye ni wanne ne ke kukan, manya ko ƙanana. Na ce ƙanana. Ya ce to da saura, sai ranar da babbar tasar da ke ƙasan jere ta amsa. Daga ranar na zama ma'aikaciyarsa. Shi yana rumfa yana mai da kaset baya da biro, wuri guda yake maimaitawa inda ganga ta yi nauyi, ni ina ɗaki da goyo ina ba da rahoto ta taga: na uku daga sama, na huɗu, murfin samira kawai.

Abin da na iya yi a ɓoye na yi. Na sa wa yaron hular ulu, na ga ba ta isa ba na ƙara wata, ga shi ana bazara. Daga baya na sami ɗan ƙoƙon da nake ɗibar gishiri na kife masa a ka, na ɗora huluna a sama. Matan unguwa suka fara cewa yaron nan zai yi karatu, dubi kai. Ni kuwa abinci ya daina shiga. In na kai loma baki aka saki ganga, sai in ajiye in zura yatsa ƙarƙashin ƙoƙo.

Akwai wata mata mai kawo busasshen kifi daga Kalgo ranar kasuwarmu. Na ba ta saƙo ta gaya wa Inna cewa wata maƙwabciyata ce maɗigar ɗanta ke tsalle, ko akwai abin da ake yi. Kasuwa ta zagayo sai ga ɗan gwangwanin man shafawa cike da wani baƙin abu mai danƙo, yana warin hayaƙi da man shanu, daga hannun tsohuwar ungozomar da ta yanke wa yaron cibiya. Inna ta ce a gai da maƙwabciya, a ce mata ta riƙa cin abinci.

Na cire ƙoƙo na shafa masa a maɗiga, na mai da ƙoƙo. Abin in ya sha iska sai ya kame, amma ba ya tsagewa, in ka danna ya lotsa ya dawo. Hankalina ya ɗan kwanta.

A daidai lokacin Malam, maigidan nawa, yana fama da cibiyar takardarsa. Ya shafa mata ƙaro, ƙaro ya bushe ya farfashe. Ya gwada danƙon facin taya, ya kusa cinye takardar. Ya manna ƙananan zobban ƙarfe, da ganga ta buga ɗaya ya fizge ya wuce ta gefen kunnensa ya faɗa cikin miya. Wata safiya ina yi wa yaro wanka, kansa a buɗe, ya zo wucewa ya tsaya. Ya tambayi mene ne wannan baƙin. Na ɗaure fuska na ce Inna ce da tsarabe-tsarabenta, ni ban ma san amfaninsa ba, don kada ta ji haushi nake shafawa. Ya ce to madalla, tunda ba wani abu ba ne. Ya ɗauki gwangwanin a kan taga ya lakato da yatsa ya nufi rumfa.

Da azahar babbar tasa ta amsa. Ba kuka ta yi ba, wani irin nishi ta yi daga ƙasan jere, sauran kwanonin suka bi ta. Na faɗa masa ta taga, don ba abin ɓoyewa ba ne. Ya fito tsakar gida ya ɗaga hannu yana godiya ga Allah, ya ce a gaya wa Inna ya gode, Allah Ya saka mata da Aljanna. Ya ce dai saura kaɗan, wani shafi ɗaya ko biyu. Shafi ɗaya ya zama kullum. Ni in lakata da ɗan ƙaramin yatsa, shi ya kwasa da babba. Gwangwani ya ƙare na kankare gindinsa da tsinke.

Na sake aikawa. Wanda ya zo karo na biyu ya yi ruwa-ruwa, da ya shafa sai ya gangaro gefe guda, takardar ta karkace ta fara gogar wani abu a ciki tana ƙara kamar ana jan buhu. Malam ya kwana biyu ba ya walwala. Sannan ya ce saƙo ba ya gyara aiki, shi da kansa zai je ya ga mai haɗa maganin, ya nuna mata abin da ake bukata. In shirya mu tafi, in ga gida.

Ya kwance lasifikar daga akwati, da nauyin maganaɗisunta da komai, ya naɗe ta a sabon zanen goyon da aka yi mini na suna, ya rungume ta a cinya don kada ramin hanya ya taɓa ta. A motar Birnin Kebbi wani dattijo ya dube ni da goyo, ya dubi abin da ke cinyar Malam a lulluɓe, ya ce ashe tagwaye ne, Allah Ya raya. Malam ya ce amin. Da muka sake mota zuwa Kalgo wata mata ta ce a buɗe wa na hannun fuska ya sha iska, ya ce mata ƙura ce ba ya so.

Inna ce ta raka mu gidan tsohuwar. Malam ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da surukarsa, kansa a ƙasa kamar yadda ya kamata. A haka, yana kallon ƙasa, ya kwance zane ya tura lasifikar gaban tsohuwa ya shiga bayanin maƙogwaro da hanjin rago da babbar tasa. Tsohuwar idonta ya yi rauni. Ta laluba ta sa babban yatsa a tsakiyar takardar ta danna, ta lotsa ta dawo. Ta sake dannawa. Ta shinshina yatsanta ta gane maganinta.

"Wagga maɗiga ta yi faɗi," in ji ta. "Ba ta rufewa, ɗana. Ko wa ya ce maka tana rufewa ya cuce ka."

Malam ya ce ai ba ya so ta rufe, so yake ta ƙara taushi, ta riƙa bugawa a hankali da nauyi. Tsohuwa ta ce tun da take ba a taɓa kawo mata wannan bukata ba. Ta ce na biyun ya yi ruwa ne don saƙe-saƙin da take dafawa ya yi wuya, sai bayan damina. Ta jawo wata tsumma ta kwance, ga ɗan dunƙule kamar goriba, mai kauri irin na farko. Ta ce abin da ya rage ke nan, na mutum guda ne. Sannan ta juyo inda take jin numfashina ta tambayi yaya yaron.

Ga Inna zaune, ga mijina. Na ce oho, ga shi nan dai, yana ci yana sha. Na ji Inna ta gyara zama, irin na wadda tarbiyyarta ba ta faɗi ƙasa ba. Malam ya ce to Iya kin ji, lafiyarsa lau, ya matso da gwiwa ya miƙa hannu biyu.

Ban san lokacin da na tashi ba.

"Malam, janye hannunka. Maganin ɗana ne. Kullum ka kunna abinga kanshi bugawa yakai, ina kallo, ba ni ci ba ni sha. In maɗigarshi ta faɗa, akwati za ka ba ni in goya?"

Ban tsaya nan ba. Na kira sunan yaron, na yanka, da ƙarfi, kuma tunda baki ya riga ya ɓalle na haɗa da na ubansa, wanda ban taɓa furtawa ba tun da aka kai ni. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya ta fuskanci bango. Wata akuya da ke ɗaure a gefe ma ta daina tuƙa.

Malam ya manta da suruka ya ɗago kai ya dube ni baki buɗe.

"Ashe kin damu da shi?" Ya sake cewa, "To mi ya hana ki faɗi? Ke da kinka ce mini kaji."

Tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce a miƙo mata yaron. Ta cire hula, ta cire ta biyu, ta ci karo da ƙoƙon gishiri ta ƙwanƙwasa shi ta tambaya ko haka aka haife shi. Ƙarƙashi duk ƙurajen zafi ne. Ta yi mini faɗa sosai a kan wannan. Ta wanke baƙin da ruwan ɗumi ta ɗora tafin hannunta ta daɗe. Ta ce maɗigar nan lafiyarta ƙalau, kowace maɗiga bugawa take yi, da ganga da babu ganga, ni ce dai ban taɓa tsayawa na kalla ba sai ranar. Abin da ke faɗar da ita zawo ne da amai, in na ga haka in dage da nono in nufi asibiti, kada in tsaya neman gwangwani. Zancen akwati kuwa ta ce ba za ta yi ƙarya ba, ba ta taɓa jinyar wanda akwati ya kama ba, ba ta sani ba.

Ta kamo hannun Malam ta ɗora yatsansa a wurin. Bai taɓa taɓa kan yaron ba, shi ma ɗan farinsa ne. Ya rufe ido ya karkata kai kamar yadda yake yi a rumfa. Can ya ce a hankali, wannan ai ta fi takardarsa sauka ƙasa.

Hukuncin tsohuwa bai yi tsawo ba. Ta ce ita ba ta san abin da sauti ke yi wa yaro ba, amma ta san abin da yake yi wa uwa, kuma uwar da ba ta ci nononta ƙafewa yake yi. Akwati ya bar gidan har maɗiga ta rufe, kuma uwa ce za ta ce ta rufe, ba uba ba. Dunƙulen ta danƙa mini. Inna ba ta yi mini magana ba har muka hau mota, sai dai ta cusa mini ƙullin dakuwa a jaka ba tare da ta dube ni ba. An daɗe a Kalgo ana ba da labarin 'yarta da ta kira sunan ɗa da na miji a numfashi ɗaya.

Aka ɗora akwati a amalanke aka kai shi bukkar gonar wani abokinsa a hanyar Maruda. Can yake zuwa ranar Juma'a bayan an sauko, da batir a bayan keke. An ce shanun da ke kiwo a wajen kan taru su tsaya suna kallon bukkar. Da facin auduga da ƙaro ya ci gaba da lallaɓa takardar, don ban ba shi ko ƙwayar maganin ba, bai kuma roƙa ba. Murhuna ya koma rumfa. Tukunyar dambu dai ba ta dawo ba.

Sai wani sabon abu ya tsiro. Kullum da safe, kafin ya sha koko, sai ya ce in kawo yaron. Ya zaunar da shi a cinya ya auna wurin da yatsu. Da farko uku ke shiga, ya yi tsaki. Wani ya gaya masa romon ƙashi na sa ƙashi ya yi ƙwari, ya shiga kawo mini ƙafar saniya. Wani ya ce kifi ne, mai kifin Kalgo ta samu ciniki. Ya riƙa tambayar maza a majalisa yaushe ta 'ya'yansu ta rufe, aka rasa mai amsa, wasu masu 'ya'ya goma ba su ma san akwai rami a wurin ba. Garin aune-aune yaron ya saba da shi, ya riƙa kama masa gemu, har in ya ji motsin kekensa sai ya fara zillo. Mahaifiyar Malam ta zo ta gan shi da ɗan fari a cinya tsakar rana, ta ce lalle gidan nan an sayar da kunya an sayi batir.

Yaro ya yi zama, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa, wurin yana ta tsukewa. Wata safiya ina cuɗa masa kai da sabulu na nemi wurin na rasa. Na bi da yatsa daga goshi har ƙeya, ƙashi ne ko'ina, tauri kamar ƙwarya. Na zaci zan yi murna. Sai na ji gabana ya faɗi, don duk watannin nan in ina so in san lafiyarsa nan nake dubawa in ga yana bugawa, yanzu an rufe mini, ban san ta ina zan riƙa leƙawa ba.

Malam ya zo awonsa na safe. Ya lalluba, ya sake lallubawa, ya dube ni. Ya tsaya jira, tunda maganar tawa ce. Na so in ce da saura. Na ce, "Ta rufe, Malam." Ya bar kokonsa rabi ya fita neman amalanke.

Kafin la'asar akwati ya dawo, ya yi baƙi, gara ta ɗan taɓa gindinsa. Aka jona waya aka saki ganga. Yaron ya tsaya tsakar gida yana sauraro, sannan ya tafi da gudunsa na 'yan koyo ya zura kai cikin bakin akwatin har kafaɗa yana ihu yana dariya. Na kamo ƙafarsa na jawo shi na buɗe bakinsa na duba. 'Yan haƙoransa na gaba ƙanana ne, ba su daɗe da fitowa ba. Wannan karon ban kai kukan kaji ba. Na tambayi Malam kai tsaye ko irin wannan girgiza ba ta sassauta haƙori.

Ya rage muryar akwatin. Ya dube ni, ya dubi akwati, ya dubi mai amalanke da bai riga ya fita ba. Sannan ya tambaye ni yaushe haƙoran yaro ke gama fitowa.